Bayan Buhun Shinkafa: Yadda Ikilisiya Za Ta Tunkari Tushen Talauci a Jos

Duk ƙarshen shekara majami'unmu na Katolika a Jos suna raba kaya: mudun shinkafa, man gyaɗa, wani lokaci turmin atamfa ga gwauraye. Abu ne mai kyau, kuma ban zo in ce a daina ba, domin mai jin yunwa yau ba zai jira shirin baɗi ba. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe littafin masu karɓa ya san sunayen bara su ne na bana, sai 'yan ƙari a ƙasa. Shinkafar tana ƙarewa kafin sabuwar shekara ta yi nisa, abin da ya jefa gidan cikin rashi kuwa yana nan daram.

Wasu 'yan'uwa suna ganin bin diddigin talauci aikin gwamnati ne ko na ƙungiyoyin agaji, mu namu wa'azi ne da sakramenti. Ba haka Ikilisiya ta koyar ba. Taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Roma a 1971 ya ce aikin adalci sashe ne na shelar bishara kanta. Paparoma Bulus na Shida ya ƙarfafa wannan a 1975. A 2013 kuma Paparoma Fransis, cikin wasiƙarsa Evangelii Gaudium, ya faɗa ƙarara cewa agajin gaggawa mafita ce ta ɗan lokaci, dole a magance abubuwan da ke haifar da talaucin. Ubangiji da kansa, ranar da ya buɗe littafin Ishaya a majami'ar Nazarat, matalauta ya fara ambata cikin waɗanda aka aiko shi ya kai wa bishara.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 a Najeriya suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, tun ma kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ikilisiya ɗaya ba za ta iya da miliyoyi ba. Za ta iya da gidaje 40 da ke kewaye da ita, idan ta bi hanya. Ga hanyar da nake ba da shawara.

Mataki na farko: a samu mutane kaɗan, a samu yardar Fada

Mutum 6 zuwa 8 sun isa. A sa ɗaya daga Zumuntar Mata, ɗaya daga ƙungiyar maza, matashi ko biyu, katikis, da ɗan ƙungiyar Waliyyi Binsent na Bulus idan akwai ta, domin su ne suka saba shiga gidaje. Lallai a samu aƙalla mutum biyu da su kansu suke cikin rashin da ake magana a kai. Kwamitin da duk mambobinsa da mota suke zuwa Mas zai yi niyya mai kyau, amma zai yi ta hasashe ne kawai. Ku kai wa Fada maganar, ku nemi ya sanar da ita daga bagade, sannan ku sanar da ofishin JDPC na dayosis, wato hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya, tun da wuri. Suna da ma'aikatan da suka san aikin.

Mataki na biyu: a shiga gidaje, a saurara

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku tafi biyu-biyu, mace da namiji inda ya dace, ba da kaya a hannu ba, ba da alkawari a baki ba. Da zarar kun shiga da buhu, amsar da za ku ji ta neman buhu ce.

Ku gaisa sosai, ku zauna inda aka ba ku, ko kan benci ne ko kan galan. Kada ku ce wa tsohuwa, “Mama, me kike buƙata?” Kowa yana buƙatar komai. Ku ce, “Mama, yaushe ne abubuwa suka fara yi muku tsanani?” Wannan tambayar ce take buɗe labari. Za ta ce tun rasuwar Baba. Ko tun da aka yi wa yarinyar tiyata aka sayar da keken ɗinki. Ko tun da suka baro ƙauye bayan hari, suka bar gona da rumbu. Daga nan ku bi a hankali: wa ake bi bashi, nawa ake ƙarawa a kai duk wata, yara nawa ne ba sa zuwa makaranta kuma me ya hana su, ina ake ɗebo ruwa, idan zazzaɓi ya kama yaro da dare ina ake nufa. Ku kuma tambayi abin da gidan ya iya. Akwai mai suyar masa da ba ta da jari, akwai makanike da aka sace masa kayan aiki, akwai mai takardar koyarwa da ke zaune.

Kada ku rubuta a gabansu sai da izini, kada ku ɗauki hoto ko ɗaya. Abin da kuka ji a ɗakin mutum ba na hira ba ne a ƙofar majami'a. Ikilisiyar da ta taɓa tona asirin gwauruwa ɗaya ta rufe wa kanta ƙofofi da yawa.

Gidaje 30 zuwa 40 sun isa a zagayen farko, kuma kada ku tsaya ga 'yan Katolika kaɗai. Maƙwabci ɗan majami'ar COCIN ko ECWA, da maƙwabci Musulmi, duk rijiya ɗaya kuke sha.

Mataki na uku: a tattara, a auna, a zaɓi abu ɗaya

Akwai tsohuwar hanya da Paparoma Yohanna na Ashirin da Uku ya yaba a 1961: a duba, a auna, sannan a aikata. Kun duba. Yanzu ku zauna, ku buɗe da addu'a, ku cire sunaye daga labaran, ku jera dalilan a allo. A Jos galibi za ku ga sun taru a wurare kaɗan: rashin lafiya da ya cinye jari, bashi mai ruwa, sayar da amfanin gona a lokacin da ya fi araha, ƙwace wa gwauruwa gida ko gona, matasa marasa sana'a da goskolo (wata barasa mai ƙarfi da ake haɗawa a gida) da ƙwaya da cacar waya suka kama, da kuma rikicin da ya raba mutane da muhallinsu da kasuwarsu.

Ku karanta Yakubu sura 2 ko Matiyu sura 25, ku tambayi kanku wanne ne cikin waɗannan ya fi yawa, wanne ne kuma ƙarfinku zai kai. Ku zaɓi ɗaya, ko biyu idan kun matsa. Kwamitin da ya ɗauki shida a shekarar farko ba ya gama ko ɗaya.

Mataki na huɗu: a fara da albashin cikin gida

Kafin ku ce wa kowa komai, ku nemi ganin takardar albashin ikilisiya. Nawa ake biyan maigadi? Mai shara fa, da mai dafa wa Fada abinci, da malaman makarantar mishan, da katikis na ƙaramar majami'ar ƙauye wanda yake jana'iza da koyar da katikisim duk mako? Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasa naira 70,000 ne. Gaskiya ne dokar ba ta ɗaure wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma Paparoma Liyo na Goma Sha Uku ya yi maganar ladan da zai riƙe ma'aikaci tun 1891, kuma Manzo Yakubu ya ce ladan ma'aikaci da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Idan kuɗin ba zai kai a yau ba, a rubuta yadda za a riƙa ƙarawa, a sa ranar, a biya a kan lokaci.

Ku kuma duba kuɗaɗen da muke ɗora wa juna: na gini, na godiyar kaka, na anko, na ƙungiya, na katin baftisma. Akwai matar da ta daina zuwa Mas don kunyar ana kiran sunanta cikin masu bashin ƙungiya. Akwai ma'auratan da suka shekara goma ba su karɓar Jibi Mai Tsarki saboda suna jin ɗaurin aure a majami'a sai mai hali. Wannan yana hannunmu, ba ya buƙatar tallafin kowa. Haka ma jana'iza. Iyalin da suka ci bashi don ciyar da ɗaruruwan mutane da buga riguna, su ne za ku tarar a jerin mabuƙata bayan wata shida. Idan Fada da dattawa suka tsayar da magana cewa jana'iza mai sauƙi ba abin kunya ba ce, iyalai da yawa za su yi ajiyar zuciya.

Mataki na biyar: ƙungiyar tanadi da rance

Idan aka ce in zaɓi aiki ɗaya tak, wannan zan zaɓa. Adashi mun san shi, amma a adashi sai zagayenka ya zo kake ɗauka, ciwo kuwa ba ya jiran zagaye. Tsarin da ake kira SILC, wanda ƙungiyar agaji ta Katolikan Amurka, CRS, ta yaɗa a ƙasashen Afirka, ya gyara wannan.

Mutum 15 zuwa 25 ne suke haɗuwa, kuma su ne suke zaɓar junansu. Kwamiti ba ya cusa kowa. Sukan zaɓi shugaba, sakatare, ma'aji da mai ƙirga kuɗi, su rubuta dokokinsu da kansu: nawa ne mafi ƙarancin zubi, nawa ne tarar makara, rance na wata nawa ne. Ana sayen akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Akwatin yana kwana a gidan ma'aji, makullan kuma suna hannun wasu mutum uku dabam, don haka ba ya buɗuwa sai a gaban kowa. Duk mako ana zubi, a ƙirga da ƙarfi, sakatare ya rubuta, a faɗi jimillar kowa ya ji, har wanda bai iya karatu ba ya tafi da lissafin a kansa.

A ce mata 20 ne, kowace tana zuba naira 500 a mako. Naira 10,000 ke nan duk mako, cikin makonni 10 an tara 100,000. Daga nan mai sayar da kabeji a Farin Gada za ta iya karɓar rance ta ƙara buhu, ta biya cikin wata biyu ko uku da ɗan ƙarin da ƙungiya ta amince da shi. An saba ƙayyade rance kada ya wuce ninki uku na abin da mutum ya tara. A gefe kuma akwai ƙaramin asusu na jin ƙai, ko naira 50 ce a mako, na rashin lafiya da rasuwa da gobara. Bayan wata 8 zuwa 12 ana karɓo duk basussuka, a raba kuɗin da ribar gwargwadon zubin kowa. Ku sa ranar rabon ta faɗo daf da lokacin sayen taki ko komawa makaranta a Satumba, ba makon Kirsimeti ba.

Abu biyu nake roƙonku. Kada ikilisiya ko wani mai kuɗi ya zuba jari a akwatin a zagayen farko. Da zarar an ji kuɗin coci ne, biyan bashi ya zama ganin dama. Na biyu, kada Fada ko katikis ya riƙe kuɗi ko makulli. Ranar da aka samu saɓani, a samu wanda zai yi sulhu da hannu mai tsabta. Idan kuma akwai Musulmi a ƙungiyar, ku tattauna batun kuɗin ruwa tun ranar farko, domin addininsu ya hana. Ana iya yin rance ba ƙari, ko ƙungiya ta sayi kaya ta sayar wa mamba da riba sananniya.

Mataki na shida: lafiya, gona da sana'a

Jinya ɗaya tana iya share tanadin shekara. Jihar Filato tana da hukumar inshorar lafiya, PLASCHEMA, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware asusu don kula da marasa ƙarfi a asibitocin matakin farko. Mutane da yawa ba su san da su ba, ko takardu sun tsorata su. Ku tura mutum biyu su je su tambayo sharuɗɗa da kuɗin rajista na yanzu, da asibitocin da ke cikin tsarin a unguwarku, su dawo su yi bayani da Hausa bayan Mas. Ƙungiyar tanadi tana iya ware kuɗin rajistar mambobinta daga rabon ƙarshen zagaye.

Ga majami'un da ke wajen gari, wajen Barikin Ladi, Bokkos da Mangu, maganar dankalin Turawa ce da masara. Manomi yana haƙe dankali a tsakiyar damina, lokacin da kowa ke haƙewa, ga bashin taki ga kuɗin makaranta, sai ya sayar yadda dillali ya yanka. Wata shekarar kuma cutar da ke ƙone ganye ta shiga gona cikin sanyi da yawan ruwa, ta gama da shi cikin kwanaki. Abin yi shi ne a haɗa manoma su sayi taki da magani a dunƙule, su nemi iri mai kyau da shawara daga tashar binciken dankali da ke Kuru, su haɗa kaya su ɗauki mota ɗaya zuwa kasuwa. Masara da wake da acca suna ajiyuwa. Ɗaki ɗaya busasshe a harabar majami'a, da buhunan da ba sa shan iska, da littafi mai sunan kowa da adadin buhunansa, sun isa manomi ya jira farashi ya tashi, muddin ya samu ɗan rance daga ƙungiya ya toshe buƙatar gaggawa. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Bukuru da Barikin Ladi kuma suna ciyar da noman rani. Injin ban ruwa ɗaya na iya yi wa matasa biyar aiki idan an tsara ranar kowa.

Game da koyon sana'a, gargaɗina ɗaya ne: kada a koya wa 'yan mata 30 yin sabulun ruwa a unguwa ɗaya a ba su satifiket a ce an gama. Ku fara tambayar wa zai saya. Cikin masu zuwa Mas akwai birkila, mai walda, mai haɗa sola, tela. Ku nemi kowannensu ya ɗauki yaro ɗaya, a rubuta yarjejeniya, a san ranar yaye, kayan aiki kuma su zo a ƙarshe a matsayin rance. Wanda goskolo ko ƙwaya ta riga ta kama yana buƙatar jinya da rakiya kafin jari.

Mataki na bakwai: a tsaya wa wanda aka zalunta

Wani talaucin mutum ne ya jawo wa ɗan'uwansa. Miji ya rasu, kafin a share makoki dangi sun kulle ɗaki sun raba gona. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu a shari'o'in da suka shafi al'adun kudu maso gabas: ɗaya ya ce hana 'ya mace gadon mahaifinta ya saɓa wa tsarin mulki, ɗaya kuma ya yi watsi da al'adar raba gwauruwa da gidan mijinta don ba ta haifi ɗa namiji ba. Ku fara da sulhu, dattawan majami'a su je wa dattawan gida da mai unguwa cikin ladabi. Idan abin ya faskara, JDPC da ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, da hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa suna nan. A darasin shirin aure kuma a riƙa koya wa maza rubuta wasiyya da sa sunan mata a takardar fili.

Haka batun hukuma. Dokar 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Idan ana korar yara saboda wasu kuɗaɗe, ko asibitin unguwa ba ma'aikaci, ko famfon da aka ce an haƙa babu shi, ku rubuta takarda mai kwanan wata, ku sa hannu tare da sauran majami'u da masallatan unguwa, ku kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma, ku ajiye kwafi, ku koma bayan mako biyu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta buɗe hanyar neman sanin abin da aka ware. Kada ku bari ɗan takara ya mai da kwamitinku dandalin kamfe, ko da ɗan majami'arku ne.

Mataki na takwas: maƙwabci, da sunan Yesu

Mu a Jos mun ga yadda rikici ke talauta gari. Tun daga Satumban 2001, sai 2008, sai 2010, unguwanni suka rabu, mai saye ya ji tsoron zuwa wajen mai sayarwa. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, ta tafi da jarin dubban iyalai na kowane addini. Akbishop Ignatius Kaigama, wanda ya riƙe Jos daga 2000 zuwa 2019 kafin a mai da shi Abuja, ya kafa cibiyar tattaunawa da sulhu a Jos, da wurin koyon sana'a a Bokkos inda matasa Kirista da Musulmi suke koyo tare. Ikilisiya ƙarama ma za ta iya yin nata daidai ƙarfinta: rijiya ɗaya da kwamitin kula na ɓangare biyu, ko ƙungiyar 'yan kasuwa mata da ta haɗa kowa.

To ina bisharar a duk wannan? Paparoma Benedik na Goma Sha Shida ya yi gargaɗi a 2005 cewa ba a amfani da aikin ƙauna a matsayin dabarar jawo mutane cikin addini. Kada rance ko magani ya zama sai an zo Mas. Wanda ya shiga majami'a don buhu, ranar da buhu ya ƙare zai fita, kuma mun ci mutuncinsa mun ci na Ubangiji. Amma wannan ba ya nufin mu ɓoye ko mu wane ne. Ku yi addu'a kafin ku fita ziyara. Idan an tambaye ku me ya sa kuke wannan wahala, ku faɗi gaskiya cewa Almasihu ne ya aiko ku. Ɗan Katolikan da talauci ya nisanta da majami'a kuma, ku dawo da shi da daraja: ya yi karatu a Mas, ya shiga majalisar ikilisiya, a ji muryarsa lokacin da ake tsara kasafin kuɗi.

Mataki na tara: bita da miƙa aiki

Ranar Matalauta ta Duniya, wadda aka fara a 2017, tana faɗowa a tsakiyar Nuwamba, Lahadin da ke zuwa kafin idin Almasihu Sarki. Ku mai da ita ranar lissafi. Ku koma gidajen da kuka ziyarta da tambayoyin farko: yara nawa suka koma aji, wa ya fita daga bashin mai ruwa, wa ya yi jinya bai sayar da kayan sana'arsa ba. Ku karanta sakamakon a gaban jama'a ba tare da suna ba, har da abin da bai yi ba, da kuɗin da ya shiga da wanda ya fita.

Ana yi wa Fada canjin wuri, shugabannin ƙungiyoyi ma wa'adinsu yana cika. Saboda haka ku ajiye littattafai kwafi biyu, ɗaya a ofishin ikilisiya ɗaya a hannun sakatare, kowane mai muƙami kuma ya kasance da wanda yake koya wa aikin. Daga cikin matan ƙungiyar tanadi ta farko ku zaɓi biyu da suka fi gane lissafi, ku biya musu kuɗin mota, su je ƙaramar majami'ar da ke kusa su kafa ta biyu.